Jarumin Zane da Mai Ceto: Tauhidin da Yara Ke Koya Daga Katun da Finafinai

Nassin nazari: Ayyukan Manzanni 14:8-20, Filibiyawa 2:5-11

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kure a Minna gab da komawar yara makaranta, ko ya bi ta shagunan da ke jere daga shataletalen Mobil zuwa Bosso, zai yi ta cin karo da fuskoki iri ɗaya a jikin jakunkuna, da robobin abinci, da bangon littattafan rubutu, da rigunan yara: Spider-Man, Batman, Superman, Ben 10, Naruto. Uwa takan duba ƙarfin zik da sauƙin kuɗi, yaro kuwa wanda ke jikin jakar yake dubawa. Ya san sunansa, ya san inda ya samo ƙarfinsa, ya san maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa yaron da zai yi ta kame-kame in an ce ya jera sunayen almajirai goma sha biyu, shi ne zai kwashe rabin sa'a yana bayanin yadda wane ya kayar da wane, ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Malamin makarantar Lahadi yana samun wannan yaro na ɗan lokaci sau ɗaya a mako. Talabijin da wayar hannu kuwa suna tare da shi kullum, muddin akwai wuta ko caji. Iyaye da yawa suna ɗaukar waɗannan labaran zane, wato katun da littattafan da yara ke kira komik, a matsayin wasan yara kawai, abin da zai sa gida ya yi shiru har a gama girki. Amma kowane labari da ke da mugu da mai ceto yana amsa tambayoyin da ilimin tauhidi yake amsawa: daga ina mugunta ta fito, wa zai kuɓutar da mutane daga gare ta, ta wace hanya, kuma me ke bayan mutuwa. Yaro yana haɗiye amsoshin tun kafin ya iya furta tambayoyin.

Ba yau aka fara ba

Kada a ɗora wa Turawa da mutanen Japan laifin ƙirƙiro jarumi mai ƙarfin da ya wuce na mutane. Ƙasar da ake kira Jihar Neja a yau tana da nata rabon a wannan fage tun kafin a zana Superman. A gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya a 1933, 'yan'uwa biyu daga Kagara suna cikin waɗanda suka yi fice. Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, labarin barden da ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa a yankin Kontagora, daga nan ya zarce har ƙasashen aljannu. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911, ya rubuta Ruwan Bagaja, tafiyar neman ruwan da ke warkarwa. A Minna aka haifi Ben Okri a 1959, wanda littafinsa mai suna The Famished Road, labarin yaro ɗan wabi da ke kai da kawo tsakanin duniyar mutane da ta iskoki, ya ci kyautar Booker a Ingila a 1991. Dattawan da suka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1960 ba su manta da Lance Spearman na mujallar African Film ba, haka 'ya'yansu ba su manta da Voltron a tashar NTA ba, ko Papa Ajasco na Wale Adenuga. Kafin duk waɗannan kuma akwai Gizo da Ƙoƙi da Dodo.

Abin da ya sauya shi ne mai ba da labarin. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Kaka takan buɗe ta da “ga ta nan, ga ta nanku,” ta rufe da “ƙurunƙus,” har ta shaida wa jikokinta da bakinta cewa abin da suka ji ƙirƙira ce. Tana kallon fuskokinsu, in ta ga ƙaramin ya tsorata sai ta sassauta Dodo. Wayar da aka kai wa mai tura finafinai a kasuwa ya cika ta da abin da yake da shi ba ta san shekarun mai kallo ba, ba ta kuma cewa ƙurunƙus.

Kama da wane ba ta wane

Ya kamata a tsaya a kan Superman, domin shi ne uban sauran, kuma shi ne aka fi kwatantawa da Ubangiji Yesu. Samari biyu Yahudawa, 'ya'yan baƙin haure a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, su ne suka ƙirƙiro shi, aka fara buga labarinsa a 1938, a lokacin da Hitler yake tsananta wa Yahudawa a Jamus. Wanda ya san Littafin Fitowa zai gane tushen labarin nan da nan: iyaye sun ga halaka na zuwa, suka sa jaririnsu cikin ɗan ƙaramin jirgi suka sake shi, baƙi suka tsince shi suka rene shi, ya girma ya zama mai kuɓutar da waɗanda ake zalunta. Wannan kwandon Musa ne a bakin kogin Nilu. Sunan da aka ba shi na asali, Kal-El, yana ƙarewa da El, kalmar Ibrananci da ke nufin Allah, wadda ke cikin Betel da Daniyel da Immanuwel. Game da ƙarfinsa kuwa, Siegel da kansa ya ambaci Samson a cikin waɗanda ya yi tunani a kansu.

Masu finafinai ne suka karkatar da shi daga Musa zuwa Almasihu. A fim ɗin 1978 an nuna uba daga sama yana aiko da ɗansa tilo domin ya haskaka wa mutanen duniya. A cikin littattafan zanen an kashe shi a 1992, aka dawo da shi da rai a 1993. A fim ɗin Man of Steel na 2013 an ba shi shekara 33, aka zaunar da shi a cikin majami'a yana shawarar ba da kansa, da hoton Yesu yana addu'a a Getsamani a jikin tagar da ke bayansa. Kamfanin da ya yi fim ɗin har ya sa aka shirya wa fastocin Amurka bayanan wa'azi a kansa. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa cinikin tikiti ake nema a wajen masu zuwa sujada.

To, amma yaya fim ɗin ya ƙare? Bayan an rushe rabin birni, mai ceton ya karya wuyan maƙiyinsa. A nan hanyoyin biyu suka rabu. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Yesu ya umarce shi ya mai da takobin kube, ya kuma sanar da shi cewa in da ya so, da Uba ya aiko masa da rundunar mala'iku fiye da goma sha biyu (Matiyu 26:52-53, Yahaya 18:10-11). Ikon yana nan, bai yi amfani da shi ba. Manzo Bulus ya bayyana wa Filibiyawa cewa wanda yake cikin surar Allah ya ƙasƙantar da kansa, ya ɗauki surar bawa, ya yi biyayya har mutuwar gicciye. Jarumin zane yana ceton abokansa ta wurin zub da jinin maƙiyi. Wasiƙar Romawa 5:8-10 kuwa ta ce Almasihu ya mutu domin mutane tun suna masu zunubi, tun suna gāba da Allah.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan ɓoyuwa. Superman yakan sa tabarau da kwat ya zama Clark Kent, ɗan jarida mai sanyin jiki. Amma raunin nan na wasa ne: in harsashi ya same shi a cikin kwat ɗin ma ba zai huda shi ba. Yaron da aka ce masa Yesu kamar Superman yake, zai iya ɗauka cewa jikin Yesu riga ce kawai da Allah ya sa, yunwarsa da gajiyarsa da azabar ƙusoshi duk kwaikwayo ne. Wannan tsohuwar karkatacciyar koyarwa ce da ikkilisiya ta yi fama da ita tun zamanin manzanni, ita ce 1 Yahaya 4:2-3 take faɗakarwa a kanta, kuma Ignatiyus na Antakiya ya yaƙe ta a wasiƙunsa a farkon ƙarni na 2. Majalisar Kalsidon ta shekarar 451 ta tabbatar da abin da Nassi ya koyar, cewa Yesu Allah ne na gaske, mutum ne kuma na gaske. Ya gaji ya zauna a bakin rijiya, barci ya kwashe shi a cikin jirgi, ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Wasiƙar Ibraniyawa ta kafa ta'aziyyar mai bi a kan wannan: yana iya taimakon waɗanda ake gwadawa domin shi ma ya sha wuyar gwaji (2:17-18, 4:15). Mai ceton da harsashi ba ya huda shi ba shi da abin da zai faɗa wa gwauruwar da aka harbe mijinta a gona.

Haske da duhu a kan sikeli

Kusan dukan waɗannan labarai an gina su ne a kan ƙarfi biyu masu kusan nauyi ɗaya, na kirki da na mugunta, suna kokawa ba a san mai kayarwa ba sai a minti na ƙarshe. Dole ne marubuci ya yi haka, in ba haka ba mai kallo zai yi hamma. Finafinan Star Wars, waɗanda suka fara a 1977, sun mai da shi kamar addini, wani iko marar fuska mai ɓangaren haske da ɓangaren duhu. Wannan ma ba sabo ba ne. Wani malami mai suna Mani ya koyar da irinsa a daular Farisa a ƙarni na 3, kuma Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya yi wajen shekara 9 yana bin wannan koyarwa kafin ya tuba ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman ikkilisiya.

Littafi Mai Tsarki bai san sikeli irin wannan ba. Shaiɗan halitta ne. A surori biyu na farkon Littafin Ayuba bai iya taɓa ko akuya ɗaya ba sai da aka ba shi izini, aka kuma ja masa iyaka. Kolosiyawa 1:16 ta sa dukan sarautu da ikoki, na bayyane da na ɓoye, a cikin abubuwan da aka halitta ta wurin Almasihu. Yaron da ya girma yana ganin Allah da Iblis kamar 'yan dambe biyu a fage zai girma da tsoro, ya zama irin Kiristan da kukan mujiya ko mafarkin dare ke hana shi barci.

Haka kuma, a katun mugu yana waje. Yana da baƙar riga da muguwar dariya, kowa ya gan shi ya san shi. Yesu kuwa ya ce daga cikin zuciyar mutum mugayen tunani suke fitowa (Markus 7:21-23). Wanda ya saba da neman mugu a waje ba zai ga dalilin tuba ba, maƙwabcinsa ne kullum zai zama abin zargi.

Batun mutuwa ma haka. A Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya fara a Japan a 1984, in an tara wasu ƙwallaye 7 sai wani dodo ya bayyana ya dawo da wanda ya mutu, jarumin labarin ma ya mutu ya dawo fiye da sau ɗaya. Mutuwa ta zama ɗan hutu. Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya mutum yake mutuwa, bayan haka sai shari'a, kuma tashin Almasihu yana da nauyinsa ne domin mutuwa abokiyar gāba ce ta gaske.

Akwai kuma alloli da ake shigowa da su da sunansu. Thor allahn tsawa ne na mutanen arewacin Turai na dā. Kalmar chakra da masu kallon Naruto ke yawan faɗa ta fito ne daga addinan Indiya, kamar yadda finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suke cike da addu'a a gaban gumaka. Babu wani yaro a Tunga ko Maitumbi da zai tashi ya bauta wa Thor, wannan ba abin ɗaga hankali ba ne. Wanda ya fi kusa da gida shi ne Black Panther na 2018, fim ɗin da ya faranta wa 'yan Afirka rai domin ya nuna su da martaba. A cikinsa sarki yana shan wani tsimi, a binne shi, ya je ya gana da kakanninsa da suka mutu ya nemi shawara. A gidajen Gwari da Nufawa da Kambari inda kakan yaron ne ya bar tsafin gidansu ya bi Almasihu, wani lokaci da tsada mai yawa, wannan ba tatsuniyar wata ƙasa ba ce. Ya cancanci uba ya zauna da ɗansa ya buɗe masa Maimaitawar Shari'a 18:10-12 da 1 Timoti 2:5, ya kuma ba shi labarin kakansa.

Tambayar da yaran Neja suke yi

A Listira, da Bulus ya warkar da gurgun da bai taɓa tafiya ba, jama'a suka ɗauka alloli ne suka sauko da siffar mutane. Suka kira Barnaba Zafsa, Bulus kuma Hamisa, firist ya kawo bijimai za a yi musu hadaya. Labaran da suka ji tun suna yara su ne suka ba su ma'aunin da suka auna abin da suka gani. Manzannin suka kyakketa tufafinsu, suka ce su ma mutane ne. Ba a daɗe ba wannan jama'a ta jajjefi Bulus, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Wanda ya zo neman jarumi, in bai samu ba, yakan ɗauki dutse.

Wannan shi ne haɗarin da ke gaban iyalai masu bi a wannan jiha. A ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a makarantar kimiyya ta Kagara, garin su Abubakar Imam. A Mayun wannan shekara aka sace yaran wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A Janairun 2023 aka kashe Fada Isaac Achi a Kafin Koro, aka ƙone gidan da yake ciki. A Nuwamban 2025 aka kwashe yara fiye da 200 daga makarantar St. Mary's ta Papiri. Yara suna jin waɗannan labarai, wasu kuma suna zaune aji ɗaya da waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Shiroro da Munya. Yaron da ya ga jarumi yana saukowa daga sama daidai lokacin da ake buƙatarsa, sau ɗari, zai tambayi mahaifiyarsa wata rana: “Mama, in Yesu ya fi kowa ƙarfi, me ya sa bai zo ba?”

Tsawa ba za ta amsa wannan ba, haka ma alkawarin cewa mai bangaskiya ba abin da zai taɓa shi, domin yaron zai gano ba haka ba ne. Nassi bai ɓoye wannan tambaya ba. Marubutan Zabura sun yi ta, annabi Habakuk ya buɗe littafinsa da ita. A sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a cikin wannan sura kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, Luka bai ce ɗaya ya fi ɗaya bangaskiya ba. Abokan Daniyel uku sun shaida wa Nebukadnesar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunkin ba (Daniyel 3:17-18). Sura ta 11 ta Ibraniyawa ta jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya, ta kuma jera waɗanda aka kashe da takobi ta wurin bangaskiyar nan ɗaya. Abin da uwa za ta iya faɗa wa ɗanta da gaskiya shi ne cewa Yesu ya riga ya zo, an kama shi da dare, an yi masa shari'ar zalunci, an kashe shi, ya san abin da yaran da ke daji suke ji. Cewa ya tashi. Cewa zai dawo ya yi shari'a, ba kuwa wanda ya zub da jini da zai ɓuya. Za ta iya ƙarawa da cewa neman gwamnati ta tsare rayuka, da ciyar da waɗanda suka gudo, aikin da Allah ya ɗora wa mutane ne.

Finafinan da ke ɗauke da sunan Yesu

Wajibi ne a faɗi wata magana mai ɗaci. Wani lokaci fim ɗin da aka yi da sunan bishara ya fi katun na Amurka ɓata tauhidin yara, domin iyaye sukan saki jiki da shi. Tun daga Living in Bondage na 1992, finafinan Nijeriya suka saba da labarin ƙungiyar asiri da kuɓutarwa a coci. Wasu, kamar na ƙungiyar Mount Zion ta Mike Bamiloye, sun kai mutane da yawa ga tuba. Amma a cikin da yawa an mai da mai wa'azi jarumin zane sanye da kwat: wuta na fita daga tafin hannunsa, yana harba sunan Yesu kamar harsashi, boka na mayar da martani da tasa wutar. Wannan ya fi kama da tunanin Saminu mai sihiri, wanda ya ɗauki Ruhu Mai Tsarki wani ƙarfi ne da za a mallaka (Ayyukan Manzanni 8:18-23), da na 'ya'yan Siba bakwai da suka mai da sunan Yesu laya suka sha kashi (19:13-16).

Abin bai tsaya a allon talabijin ba. Fim ɗin End of the Wicked na 1999 ya nuna ƙananan yara suna tashi da dare suna cin naman mutane. Masu kare haƙƙin yara sun danganta irin waɗannan finafinai da yawaitar zargin yara da maita a kudu maso kudancin ƙasar nan, inda aka kori wasu daga gida, aka azabtar da wasu, har Jihar Akwa Ibom ta sa hukunci a kan wannan zargi a dokarta ta haƙƙin yara ta 2008. Zargin maita ba baƙo ba ne a ƙauyukan arewa, kuma maraya da tsohuwa marar gata su ne yakan faɗa wa.

Ƙonawa ko zama tare

Wasu iyaye za su ce maganin abin shi ne a hana gaba ɗaya. An gwada wannan. A 1948 an tara littattafan zane an ƙone a wasu garuruwan Amurka. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya buga littafi yana ɗora musu laifin lalacewar matasa, majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kai, masu bugawa suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Littattafan ba su mutu ba, hukumar ce ta mutu a 2011, kuma binciken da aka yi a takardun Wertham a 2012 ya nuna ya murɗe wasu hujjojinsa. Masu kafa hujja da ƙona littattafai a Afisa, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, su lura cewa littattafan aikin sihiri ne, masu su ne kuma suka kawo su da kansu bayan sun tuba. Yaron da aka hana a gida zai kalla a gidan maƙwabta ko a wayar abokinsa, ya kuma koyi ɓoyewa.

Hakika akwai abin da bai dace yaro ya gani ba ko kaɗan, na batsa da na zub da jini, kuma yawancin katun na Japan ba domin ƙananan yara aka yi su ba, ko da yake zane ne. A nan iyaye su hana, ba tare da jin kunya ba. Ga sauran kuwa, misalin Bulus a Atina ya fi amfani. Ransa ya ɓaci da ganin gumakan birnin, duk da haka ya zaga ya duba su da kyau, ya karanta rubutun da ke jikin bagadi, ya san abin da mawaƙansu suka faɗa har ya kafa hujja da shi a Tudun Arasa, daga nan ya kai su ga tashin matattu. Uban da ya zauna ya kalli kashi ɗaya tare da 'ya'yansa, ya tambaye su dalilin da ya sa suke son wannan jarumi, zai ji abin da bai taɓa ji ba. Sau da yawa abin da yaro yake so a jikin jarumin abu ne mai kyau: yana tsaya wa marar ƙarfi, ba ya gudu ya bar abokinsa, yana ba da kansa. A yaba wannan, a nuna masa inda ya samo asali, sa'an nan a tambaye shi abin da jarumin yake yi da maƙiyinsa, da abin da Yesu ya yi da nasa. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta sa koyar da yara a lokacin zama a gida da lokacin tafiya a hanya. Zaman gaban talabijin yana ciki.

Yaron da ke zane a bayan littafinsa

A kowace ikkilisiya akwai yaron da ake bugun hannunsa domin yana zane a lokacin wa'azi. Mutumin farko da Littafi Mai Tsarki ya ce an cika shi da Ruhun Allah domin aikin hannu shi ne Bezalel, gwanin zane da sassaƙa (Fitowa 31:1-5). Doka ta biyu ta hana yin siffa domin a yi mata sujada, Allahn da ya ba da ita kuma shi ne ya umarta a ƙera kerubobi a kan akwatin alkawari.

Waɗansu sun riga sun shiga wannan fage. Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fito da The 99 a 2006 domin yaran Musulmi su sami jarumai daga cikin al'adarsu, ko da yake malaman Saudiyya sun yi fatawa a kansa a 2014. A wajen Kirista akwai The Action Bible na 2010, wanda Sergio Cariello ɗan Brazil ya zana. Akwai kuma Siku Akinsiku, ɗan asalin Nijeriya mazaunin Ingila, wanda ya yi suna da zanen Judge Dredd, ya karanta tauhidi, ya fito da The Manga Bible a 2007. Aikinsa ya kai labarin Nassi ga matasan da ba sa taka ƙofar coci, amma ya nuna iyakar wannan hanya: yaƙe-yaƙe sun sami shafuka, Wa'azin Kan Dutse kuwa bai samu ba, domin babu gudu da sara a cikinsa. Littafin zane ƙofa ce zuwa Littafi Mai Tsarki, ba ya maye gurbinsa.

Fuskar da ake ba Yesu ma abin dubawa ce. Fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka fassara da Hausa aka nuna a filayen ƙauyuka da yawa, Bature ne ɗan Ingila, Brian Deacon, ya fito a matsayin Ubangiji, har wasu yara suna zaton hotonsa ne na ainihi. Kiristocin ƙabilar Mafa da ke duwatsun arewacin Kamaru sun bi wata hanya tun daga 1973: suka riƙa kwaikwayon labaran bishara a ƙauyukansu, aka ɗauki hotuna, aka zana su, aka sami zane sama da 60 inda Yesu baƙar fata ne yana zaune a tsakanin bukkoki da tukwane da rumbuna. Iyalin da ke neman irin wannan da Hausa, balle da Gwari ko Nufanci, zai sha yawo a shagunan littattafai na Minna. Masu iya zanen kuwa suna nan, wasu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano da Bosso, wasu a bencin baya na makarantar Lahadi, suna zana Naruto a bangon littafin waƙoƙi domin ba wanda ya taɓa ce musu su gwada zana Yusufu a cikin rijiya.